Littafin Roots: Tarihi Ne Ko Ƙage?



Kwanan baya na sake kallon fim ɗin nan Roots na 1977, wallahi sai da na yi hawaye. Shi ya sa na koma kan littafin da Alex Haley ya fitar a 1976.

Shi dai Haley baƙar fatar Amurka ne. Ya yi shekara 20 a rundunar tsaron gaɓar teku, daga 1939 zuwa 1959. A cikin jirgin ruwa ya goge da rubutu, yana rubuta wa abokan aikinsa wasiƙun soyayya. Kun ga ashe ɗan gidanmu ne! Ya rasu a 1992.

Abin da ya burge ni, daga bakin kakarsa Cynthia ya fara jin labarin wani kakansu da aka sato daga Afirka. Ya bi diddigi har ƙauyen Juffure a Gambiya, ya ce a can aka kama Kunta Kinte, Musulmi Bamandinke, a 1767. Ya nuna bawa mutum ne mai suna, mai uwa da uba, mai addini.

To amma fa gaskiya ɗaya ce. Masana tarihi sun duba takardu, suka tarar shekarun da ya kawo ba su dace da juna ba. Ya kuma zana Juffure kamar aljannar duniya, alhali wurin cinikin bayi ne tun da daɗewa. Sannan a 1978 ya biya Harold Courlander kuɗi saboda wasu sassa da suka fito daga littafinsa. Da ya ce mana ƙagaggen labari ne, da babu mai ganin laifinsa. Ni ma ƙage nake yi a littattafaina, amma ban taɓa kiransa tarihi ba.

Duk da haka Haley ya fi ni. Kakata ta rasu ban tambaye ta garin da iyayenta suka taso ba. Yau 'yata ta tambaye ni, na yi shiru.

'Yar uwa, in taki tana raye, ki kai mata goro yau, ki zauna kusa da ita da biro da takarda. Abin da ta faɗa shi za ki rubuta, kada ki ƙara gishiri.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.