Abin da Ya Haɗa Kibiya da Kabewa

Rubuta RANO, ka sa KANO a ƙarƙashinta. Ko ɗan aji biyu zai ce maka A, N, O ne suka haɗa su. To, gwada KIBIYA da KABEWA. Nan ne mai gaggawa ke faɗawa rami: ya cafki K, ya hango A ta farko a kabewa, ya liƙa ta da A ta ƙarshen Kibiya, shi ke nan ya tashi da haruffa biyu. Da ya bar waccan A ta wuce, da ya sami K, B, A. Abin nema shi ne jeri mafi tsawo da kalmomin suka yi tarayya a kai. An yarda a tsallake harafi, ba a yarda a juya tsari ba.

Kalma mai harafi 30 tana da hanyoyin tsallakewa fiye da biliyan ɗaya. Dabarar da ke burge ni kuwa, gurbi 900 kacal take buƙata ta kwatanta irin waɗannan kalmomi biyu.

Ka zana gurabe kamar na dara, haruffan kalma ɗaya a sama, na ɗayar a gefe. In haruffan gurbi sun dace, ɗauki lambar gurbin da ke kusurwar sama ta hagu, ka ƙara 1. In ba su dace ba, dubi na sama da na hagu, ka kwafi babba. Bayan iyaka, sifili ne. Gurbin ƙarshe shi ke riƙe da tsawon jerin. Ka bi sawu da baya, haruffan su fito da kansu. Kowace ƙaramar amsa sau ɗaya ake nemanta, a rubuta, maƙwabta su ara.

Richard Bellman na Amurka ne ya raɗa wa wannan salon lissafi suna a shekarun 1950. A 1970, Needleman da Wunsch suka kwatanta sinadaran furotin da shi. Manhajar diff ta Bell Labs, mai nuna layukan da suka canza tsakanin rubutu biyu, wannan matsalar take warwarewa.

Ni dai dattawa biyu nake hangowa a Rano, ɗaya daga Hausa Bakwai, kowa na jero sunayen sarakunan da suka gabata, wannan ya tsallake ɗaya, wancan ya ƙara biyu. Sa suna a madadin harafi, gurabe za su fito maka da kashin bayan da suka yarda a kai. Sauran sunayen, a koma zaure a ci gaba da musu.