Gem ɗin Zamani Bai San Benci Ba

Masu ƙera wasannin bidiyo a Amurka da Japan da Turai sun riga sun yanke wa kansu yadda mai wasa yake: mutum ɗaya ne a ɗakinsa, wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa, katin banki na aljihu. Mu a Jiddari Polo da ke Maiduguri ba haka muke buga gem ba. Shago ne mai talabijin uku ko huɗu a jere, da benci, da janareto yana ruri a baya, da pad biyu, sai 'yan kallo da suka ninka masu bugawa. Wanda aka ci ya tashi, kuma shi zai biya. Da wannan ma'aunin nake auna wasannin da suka fito a 'yan shekarun nan, kuma ra'ayina shi ne kyansu ya ƙaru matuƙa, amma yawancinsu sun juya wa bencin nan baya.

A ƙwallo abin ya fi ciwo, don ita ce ke ciyar da mai shago. Shekara da shekaru samari sun rabu gida biyu, 'yan FIFA da 'yan PES, ana musu kamar na Barcelona da Madrid. Sai kamfanin Konami ya kashe sunan PES a 2021, ya fito da eFootball, wai kyauta. Ranar da ya fito ƙungiyoyi tara kacal ake iya ɗauka idan mutum biyu za su kara a wuri ɗaya, fuskokin 'yan wasa kuwa suka zama abin dariya a duniya, an kuma cire Master League, inda mutum ke rainon ƙungiyarsa kaka bayan kaka. Sun gyara abubuwa da yawa daga baya, kuma har gobe ina ganin ƙwallon tasu ta fi nauyi a ƙafa, ta fi kama da ta fili. Amma zuciyar wasan ta koma intanet, wurin sayen katunan 'yan wasa. Shi ya sa har yau za ka tarar da PES 2021 a shaguna, an yi masa kwaskwarima an sa sababbin 'yan wasa da riguna. Wasan da ya tsufa, mutane suka ƙi bari ya mutu.

Ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba. EA, mai wasan FIFA, ta rabu da hukumar FIFA, wasan ya koma EA Sports FC daga 2023. A ba su haƙƙinsu: motsin 'yan wasa, hasken fili, ihun 'yan kallo, har baƙo zai shigo ya ɗauka wasan Firimiya ake haskawa. Sun kuma ci gaba da fitar da shi a PS4, wanda shi ne injin da yawancin shagunanmu ke iya saye. Sai dai duk shekara kusan wasan bara ne aka sauya masa riga, ƙarfin kamfanin kuma yana kan Ultimate Team, inda kake biyan kuɗi a buɗe maka ƙunshi ba ka san wanda ke ciki ba. Ko Mbappe, ko wani da ba ka taɓa jin sunansa ba. Ƙasar Beljiyam ta kira irin wannan caca tun 2018, kuma ban ga malamin da zai ba shi wani suna ba. Ga kuma abin da ke min ciwo a gefe: El-Kanemi Warriors ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa a 2024, amma ɗan Yerwa, wato Maiduguri, ba zai same ta a wasan ba, ita da duk gasar Najeriya.

Sai maganar nauyi. Manyan wasanni yanzu suna haura gigabait ɗari, kuma sayen faifai ba ya raba ka da wahala, don kana sakawa zai ce sai ka sauke gyara. Wanda ya zauna a Maiduguri a 2021, lokacin da aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu gari ya yi wata da watanni cikin duhu, ya san cewa kowace awa ta gem fetur ce. Tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a 2023 ta rage zafi, amma a shekarar ce aka cire tallafin mai, naira ta faɗi har dala ta haura 1,500 a 2024, sabon wasa kuwa dala 70 ne. A farkon 2025 aka amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Mai shago da zai bar janareto a kunne dare guda don gyara ya sauka, ba kwastoma ko ɗaya, wa zai biya shi? Kuma ko ka biya, abin bai zama naka ba. Ubisoft ta rufe wasan tseren mota The Crew a 2024, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari faifan ba ya komai.

Inda na ga an yi abin kirki shi ne wasannin faɗa. Street Fighter 6 na 2023 ya kawo sauƙaƙan maɓallai, yaron da yau ya fara riƙe pad zai iya fitar da bugun da a da sai an yi wata ana koyo. Tsofaffin hannu sun yi ƙorafi, ni kuwa na ce madalla, domin benci ba ya cika sai sabon zuwa yana da fatan cin wani. Tekken 8 ya zo da zafi, yana tura ka kai hari maimakon ja da baya, zagaye kuma ba ya daɗewa, layi na tafiya. Matsalarsa ba ya hawa PS4. Mortal Kombat 1 ma haka, ga jinin da ya wuce misali a shagon da 'yan firamare ke leƙe ta taga.

Wasannin labari masu tsawo, irin su Elden Ring da God of War Ragnarök da Baldur's Gate 3, ba na musun cewa su ne ƙololuwar wannan fasaha. Amma na mai injin kansa ne. Wasan da ke neman awa sittin ko ɗari, da Turanci mai kauri, ba ya shiga tsarin biyan kuɗi wasa-wasa.

Yaranmu kuwa sun koma waya: Free Fire, PUBG Mobile, Call of Duty Mobile. Free Fire ya ci kasuwa ne don yana tafiya a ƙaramar waya, wannan kuma dabara ce da manyan kamfanoni suka raina. A nan ne nake da maganar da ba kowa zai so ba. Unguwar nan tana maƙwabtaka da Barikin Giwa, wanda aka kai wa hari a watan Maris na 2014, ita kanta Jiddari Polo an shigo mata a 2017 da 2018. Akwai gidajen da uwa ke jin ƙarar harbi daga wayar ɗanta gabanta ya faɗi kafin ta gane wasa ne. Ba na cikin masu cewa gem ke mayar da yaro ɗan ta'adda. Waɗanda suka addabe mu ba a shagon gem suka koyo ba. Na ma ga yadda samari huɗu ke haɗa tawaga, wannan na kare wancan, ana raha. Abin da nake ƙi shi ne yadda wasannin suka mayar da bindiga kayan ado, ana saya mata launi da kuɗin data, yaro ya san sunan kowace iri fiye da sunayen Shehunan Borno. A kunna da abin saƙalawa a kunne, ko don darajar tsofaffin gida.

Abin mamaki, masu wasannin tarihi da dabarun mulki, waɗanda ba a ko kallonsu a shago, su ne suka san da zamanmu. A Europa Universalis IV kana iya riƙe daular Kanem-Borno, ko Kano, ko Katsina. Crusader Kings III na 2020 ya sa Daurama ta Daura cikin sarakunan da yake ba sabon ɗan wasa shawarar farawa da su. Civilization VII na 2025 ya kawo Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabanni. Na ji daɗi, amma da saura: wasan ya fito babu ƙasar Hausa a ciki, sai ka ga Amina tana jagorantar Aksum ko Songhai, kamar amaryar da aka kai gidan da ba nata ba. Kuma yawancinsu suna son kwamfuta ko inji mai tsada da haƙurin karatu.

'Yan Sin sun ɗauki tsohon labarinsu na Sarkin Birai suka yi Black Myth: Wukong a 2024, ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. Kiro'o Games a Kamaru ta fitar da Aurion tun 2016, Maliyo Games na aiki a Legas. Mu kuwa ga dambe, wanda tsarinsa kansa wasan faɗa ne: turmi uku, hannu ɗaya a naɗe, makaɗi na zuga, ana kisa ana tashi. Ga dara, ga langa, ga yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma. Wasan dambe da zai hau ƙaramar waya, ba ya neman data, mutum biyu su kara a wuri ɗaya, zan fifita shi a kan GTA VI da aka yi ta ɗage fitowarsa, wanda sabon inji irin PS5 yake nema, kuma ban san mai shagon da zai sayi injin don wasan da mutum ɗaya zai riƙe pad sauran su zuba ido ba.