Saisaye, Fasahar da Hula Take Rufewa

Akwai maganar da nake yawan ji daga bakin mutanen da ya kamata su fi haka sani, wai aski a kan gashi irin namu ba fasaha ba ne. A ganinsu gashin da yake murɗaɗɗe, gajere, mai tauri, abu biyu kaɗai ake yi masa: ko a kwashe shi tas da aska, ko a bi shi da kilifa a kaɗe wa mutum riga ya tashi. Fasaha, in ji su, tana hannun mata masu kitso, ko tana can wajen Turawa da Indiyawa masu gashin da yake kwanciya a juya shi yadda aka ga dama. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Duk wanda ya faɗi haka bai taɓa zama ya zuba wa hannun gwanin saisaye ido ba.

Tarihin askinmu sananne ne. Wanzami ya gaji sana'arsa, yana yawo da zabira gida gida, yana ƙarƙashin Sarkin Aska na garinsu, kuma aski ɗaya ne kawai cikin ayyukansa, tare da askin suna ranar bakwai da kaciya da ƙaho da cire beli. Magidanci kwalkwal ake yi masa ya ɗora hula ko rawani, yara kuwa a bar musu tukku ko zanko. Daga baya injin aski ya shigo, na hannu tukuna, sannan na lantarki irin wanda Leo Wahl ya yi wa rajista a Amurka a 1921, ya bazu a garuruwanmu tare da wutar lantarki da janareto. Samarin shekarun 1970 suka tara suma irin ta Afro, na bayansu suka koma kwaikwayon 'yan ƙwallo, har askin Balotelli ya zama suna a bakin kowa. A tsakanin askar wanzami da kilifar shago ne saisaye ya zauna, kuma ba baƙo ba ne. Duk wanda ya yi Hajji ko Umra ya san cewa idan ya zo fita daga harami zaɓi biyu ne a gabansa, aski ko saisaye. Abin da ya ɓace mana shi ne ɗaukar saisayen a matsayin aikin gwaninta mai ƙa'idojinsa.

Dalilin da ya sa yake buƙatar gwaninta yana cikin halittar gashin. Silin gashinmu ba zagayayye ba ne kamar na mutanen Sin, a ɗan baje yake, kuma ramin da yake fitowa daga ciki a lanƙwashe yake a cikin fata. Shi ya sa tun daga tushe yake fitowa yana murɗewa. Maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya bin silin har ƙarshe, don haka gashin yake saurin bushewa, yake kuma karyewa a wuraren murɗin. Tsawon da ido yake gani ba shi ne tsawonsa na gaskiya ba. Ja sili ɗaya ka gani, zai miƙe ya ninka abin da ka zata, ka sake shi ya koma ya dunƙule. Ga shi ba ya zubowa ƙasa, tsaye yake tashi daga fata. Mai askin gashin da yake kwanciya tsawo yake aunawa. Mai saisayen gashinmu siffa yake sassaƙawa, kuma abin da yake sassaƙar yana motsi a ƙarƙashin hannunsa.

Gwani ba ya fara da almakashi. Abu na farko da yake yi idan mutum ya cire hula shi ne duba zoben da hular ta bari, domin gashin da ya wuni a danne ba ya faɗin gaskiya. Sai ya sa mataji mai manyan haƙora daga tushe, yana ɗagawa sama a hankali, yana bin kan gaba ɗaya har gashin ya farfaɗo ya tsaya da ƙafarsa. A bushe yake yin wannan. Littattafan koyon aski da aka rubuta don wani gashi daban suna cewa a jiƙa kai kafin a yanka, wasu yaranmu kuma sun ɗauka suna fesa ruwa kamar wajibi. Kuskure ne a nan. Jiƙaƙƙen gashi mai murɗi yana saki, ya manne wa juna, idan ya bushe kowane yanki ya janye gwargwadon ƙarfin murɗinsa, sai ka ga kan da aka daidaita ɗazu ya koma tudu da kwari. A wanke kai, a bar shi ya bushe, sannan a taɓa shi.

Bayan tajewa sai shafa. Wannan ne matakin da na fi so in kalla, kuma shi ne wanda masu gaggawa suka fara yarwa. Gwani yana ɗora tafin hannunsa yana bin ƙoƙon kan, yana neman inda ƙashi ya taso a ƙeya, inda gefe ya lotsa a saman kunne, inda fata ta ninke a bayan wuya, inda tsohon tabo ya hana gashi fitowa. Babu kan da yake mulmulalle. To a nan ne bambancin almakashi da kilifa yake fitowa fili. Takalmin da ake sa wa kilifa, lamba ɗaya kusan milimita 3, lamba biyu kusan milimita 6, yana bin ƙashi ne sau da ƙafa, ya bar tsawo ɗaya ko'ina. Ma'ana duk wani tudu da lotsawa da Allah ya yi wa kan, kilifa za ta kwafe shi ta nuna wa duniya. Almakashi kuwa yana barin gashi da ɗan yawa a inda kai ya lotsa, ya rage sosai a inda ya taso, har a samu siffar da ƙashin kansa ba shi da ita. Mutum ya tashi kansa ya yi kyau, shi kansa bai san abin da aka yi masa ba.

Sai sanin inda gashi ya dosa. Daga wurin da yake kewayawa a tsakar ka, wani yana tafiya gaba zuwa goshi, wani yana gangarawa gefe, na ƙeya kuwa sau da yawa ba ya bin doka, za ka iske shi ya karkata hagu ko dama, wani ma ya juya sama. Akwai masu makewayi biyu. Idan aka yanka ana bin inda gashin ya dosa, yana kwanciya, ya yi duhu, ya yi laushi a ido. Idan aka yi gaba da shi, ana ɗago shi ne a sare ƙasa sosai, sai fata ta haska. Gwani yana amfani da duka biyun amma da sani, kuma a makewayin nan na tsakar ka hannunsa ya fi yin sanyi, domin kuskure kaɗan a wurin yana buɗe fili mai kama da farkon sanƙo a kan saurayin da bai kai talatin ba.

Yankan kansa kaɗan kaɗan ne. Mataji yana ɗago gashi, almakashi yana tsintar abin da ya leƙo ta samansa, bakin ƙarfen kawai yake aiki, ba a zurfafawa. Can sai ya ajiye matajin ya riƙa yawo da almakashin a iska, yana shafar saman sumar ba tare da ya taɓa fata ba. Ya gama zagaye ɗaya, ya sake tajewa, sai ga silin da suka ɓuya a dunƙule sun fito sun fi 'yan'uwansu, ya sake bi. Zagaye na uku ma haka. Wanda bai san aikin ba zai ce ɓata lokaci ne, alhali gashi mai murɗi ba ya bayyana tsawonsa a tajewa ɗaya. Lokaci lokaci kuma sai ya ja da baya taku biyu, ya duba kan ta madubi, ya juya kujerar ta fuskanci hasken ƙofa, saboda daga nesa ne ake ganin gefen siffar, inda ya kumbura da inda ya faɗa.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da mataji, wato duhu. Gashi bai cika yawa ɗaya ko'ina a kai ba. Saman kunne da kusurwoyin goshi sukan fi tsakiya sirantaka. Idan aka ba su tsawo ɗaya, wani wuri zai yi baƙi ƙirin wani ya yi fari-fari. Gwani yana barin wurin da ya siranta da ɗan tsawo don launin ya zo ɗaya. Ido ne kaɗai yake yin wannan lissafin.

Mai aski a Maiduguri ko Agadas ko Yola ba gashi iri ɗaya yake gani ba. Na Bafulatani da Buzu da Balaraben Shuwa yakan zo da manyan nannaɗe masu laushi, kuma wannan ba a taje shi a baje kamar namu, domin tajewar tana wargaza nannaɗen ya tashi buzu-buzu. Ana ɗaukarsa ne nannaɗe bayan nannaɗe, ba a ja, a yanke a daidai inda ya lanƙwasa don bakin ya koma ciki. A Amurka Lorraine Massey ta yi suna da wannan salon na yanka gashi a bushe, musamman bayan littafinta na 2001. Shi kuwa Andre Walker, tsohon mai gyara wa Oprah Winfrey gashi, ya kasa gashin 'yan Adam gida huɗu, namu ya faɗa a na huɗu, kuma yanzu za ka ji 'yan mata a intanet suna kiran gashinsu da lamba da harafi. Kason yana da amfani wajen sayen man kai. A kan kujerar aski bai tsinana komai ba, domin kai ɗaya yakan ɗauki murɗi iri biyu ko uku. Wanda na fi girmamawa cikinsu shi ne Willie Morrow, mai aski na San Diyego, wanda ya rubuta littafi a kan askin baƙar fata tun 1966, har ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauke shi ya koyar da masu askin sojojinta. Da babu fasaha a cikin abin, da ba a biya mutum ya zagaya sansanonin soja yana koyar da ita ba.

Masu raina saisaye na biyu su ne samarin da suke auna aski da kaifin layin goshi. Gyaran fuska abu ne mai kyau, wanzamai ma suna yi tun da can. Amma layin nan da ake ja kamar da rula, a ci cikin goshi don ya miƙe, kwana uku ne kyansa. Daga nan sai gashin da aka kwashe ya fara tsirowa a gaban layin, mutum ya koma shago, a sake ci gaba da shiga ciki. A ƙeya abin ya fi muni. Gashi mai murɗi idan aka sare shi ƙasa da fata da reza, bakinsa yana yin tsini, ya lanƙwaso ya soki fata ko ya tsiro a cikinta, shi ne ƙurajen askin da ake fama da su a gemu da wuya. Wasu kuma nasu a ƙeya yake taruwa ya yi tauri ya zama tabo mai tudu wanda gashi ba ya sake fitowa a kansa. Saisaye ba ya kai ƙarfe ga fata, don haka wannan matsalar ba ta cika samun masu yinsa ba, haka ma haɗarin ɗaukar ciwon hanta daga rezar da ta yanki wani.

Ta fuskar addini ma ba shi da abin faɗa. Hanin da ya zo a hadisin Ibn Umar, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, a kan aske wani sashe na kai a bar wani ne, kuma a kansa ake ta jayayya game da askin zamani, har ta kai ana tare samari a Kano ana aske musu kai. Wanda aka yi wa saisaye babu sashen da aka ƙwaƙule masa. Yana da suma, sumar tana da tsari, ba wanda zai tare shi.

Abin da na daɗe ina gani shi ne, ba za a fahimci askin Bahaushe ba sai an sa hula a lissafi. Salon askin da muke kwasowa daga hotunan 'yan ƙwallo an yi shi ne don kan da yake yawo a buɗe, shi ya sa duk adon yake sama. Mu kuwa saman kanmu yana cikin zanna ko damanga ko dara tun safe. Abin da jama'a suke gani ɗan kewayen nan ne da hula ta bari: saje, saman kunne, da ƙeya. A nan aikin yake, a yadda gashi yake sirancewa a hankali daga bakin hula zuwa wuya ba tare da wani layi ya yanke shi ba, da yadda saje yake shiga gemu ba a ga mahaɗa ba. Na cikin hular kuma dole ya zama mai tsawon da zai riƙe ta kada ta zame, amma kada ya kai yawan da zai ɗaga ta ya ɓata karinta. Dole ya jure dannewa wuni guda, ya jure jiƙaƙƙen hannu a shafar kai duk lokacin alwala, sannan idan aka cire hular da yamma ya tashi da shafa ɗaya. Doguwar suma a sama da fararen gefe ba ta yin ko ɗaya cikin waɗannan: hula tana murƙushe saman, ta bar gefen tsirara kamar an yi kwalkwal.

Shi ya sa ban yarda a yanke wa aski hukunci a madubin shago ba. Gashinmu bai cika kai santimita ɗaya a wata ba, amma ɗan abin da ya ƙaru a kwana goma ya isa ya tona asirin mai aski. Kan da aka bi da kilifa da reza a lokacin ya fara rikicewa, layi ya dushe, tudun ƙashi ya fito. Wanda aka saisaye bisa siffar kan da inda gashin ya dosa yana cika ne gaba ɗaya, ya kai mako uku ko huɗu hular tana zama daidai. Mai shagon da yake karɓar yara koyon aiki ya san wannan sarai, amma yana miƙa musu kilifa tun makon farko saboda ita take sallamar layi kafin man janareto ya ƙare. Tsofaffin da suka iya almakashi suna nan a bakin kasuwanni da gindin itatuwa, kuɗin askinsu bai kai na shago mai madubi da fanka ba, kuma yawancinsu babu yaro ko ɗaya a gefensu yana kallon hannunsu.