Kwamfuta ba ta san zafin Afrilu ba

Akwai wata manhaja mai suna PhET da Jami'ar Colorado ta Amurka ta fara a 2002, bisa jagorancin Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001. A ɗaya daga cikin darussanta, yaro zai jawo batir da waya da ƙwan fitila da yatsa a fuskar salula, ya harhaɗa su, ƙwan ya kama. In ya yi gangancin haɗa kan batir da gindinsa da waya tsura, sai wuta ta tashi a allon. Ya goge, ya sake. Ba a yi asarar ko dala ba, ba kuma malamin da zai ja masa kunne.

Irin wannan ɗakin gwaji na intanet shi ake yayi yanzu wajen koyar da injiniyoyi. Indiya ta buɗe nata na ƙasa baki ɗaya a 2012, annobar korona kuma ta ƙara masa kasuwa. Ni ina sonsa, amma ba a wurin da ake so a ajiye shi ba.

Wurinsa makarantun sakandaren Tasawa da Mayahi ne. Yaro zai ci jarrabawar BAC ta kammala sakandare, ya tafi Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ya karanta gini ko lantarki, alhali da yawa cikin irin waɗannan yara ba su taɓa ganin ma'aunin wuta ba sai wanda malam ya zana da alli. Sun haddace dokar Ohm tsaf, amma ba su taɓa ganin ƙwai ya dusashe don an ƙara masa ɗan'uwa a layi ɗaya ba. A nan, da babu gara ba daɗi. Sai dai a cire kalmar intanet daga lissafi. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana, har da layin Katsina mai bi ta Gazawa, aka yi watanni ana fama. Darussan PhET ana sauke su a yi aiki da su ba hanyar sadarwa. Malami ɗaya ya sauke a Maraɗi, ya tura wa ɗalibai waya zuwa waya, yadda samari ke tura wa juna finafinan Kano, ya wadatar.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da mai riƙe da kasafin kuɗi zai gane cewa abin ba shi da tsada. Injin matse kankare kuɗi ne, kayan walda kuɗi ne, gyaransu ma kuɗi ne. Sai a sayi kwamfutoci, a yanka ƙyalle, a ce an zamanantar da karatu, ɗakin aikin gaske kuwa ƙura ta ci gaba da cinye shi.

Duniyar cikin kwamfuta ta cika tsabta. Farantin sola da aka rubuta masa wat 300, a zafin digiri 25 aka auna shi. Ɗora shi kan rufin kwano a Mayahi cikin Afrilu, jikinsa ya haura digiri 60, ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100, tun kafin a yi maganar ƙurar hunturu da ke lulluɓe gilashin. Ana iya shigar da wannan lissafi a manhaja, gaskiya ne. To batirin kasuwa da aka yi wa ƙarya a takardar jikinsa fa? Wayar da ta saki a cikin akwati tana ɗumi a ɓoye fa? Mai gyara da hancinsa yake fara gane ta. Haka yashin Gulbin Kaba: ko yana da laka a ciki, sai an damƙa an murza, an zuba kankare an jira kwana 28 an matse shi ya fashe a gaban idonka. Famfon sola na ƙauye in ya tsaya, mata ne za su koma bakin rijiya da guga, kuma ba wanda zai tambayi injiniya makin da ya ci a allo.

Akwai wata hanya da aka gwada a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife tare da jami'ar MIT ta Amurka tun wajen 2005: na'urar gaske ce a ɗaki, ɗalibi yana sarrafa ta daga nesa, sakamakon da yake samu kuma yana ɗauke da kurakuran ƙarfe da waya na gaske. Wannan ya fi kwanta mini. Na'ura ɗaya a Maraɗi za ta iya yi wa makarantu da dama aiki, in wuta da layi sun yarda.

Kafin nan, muna da ɗakunan gwajin da ba a lissafa su. Masu walda da masu naɗin injin ruwa da makanikan babur suna nan cike da bakin titin Tasawa. A tura ɗalibin shekarar farko wajensu a lokacin hutu, a biya maigidan gareji ɗan abin sabulu, a kuma sa makin wannan zama cikin sakamakon shekara daidai da na aji.