TARIHI A HANNUN MAI ƘAGA LABARI: SHARHI A KAN GANƊOKI DA SHAIHU UMAR

Ni ɗan Ƙofar Ruwa ne a cikin birnin Kano, kuma duk wanda ya san unguwarmu ya san kasuwar ƙarafa. Tun ina yaro nake ganin maƙera suna zuwa su zaɓi tsohon ƙarfe, su kai maƙera su fitar da fartanya ko wuƙa. Da muka shiga darasin ƙagaggun labarai a aji biyu, sai na ga aikin mai rubuta labarin tarihi bai yi nisa da wannan ba. Ƙarfen ba nasa ba ne, tarar da shi ya yi, amma ƙirar tasa ce, kuma a kanta za a yaba masa ko a kushe shi. Da wannan ma'auni nake so in duba littattafai biyu, wato Ganɗoki na Malam Muhammadu Bello Kagara da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Dukansu biyu 'ya'yan gasa ɗaya ne, wadda Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, wadda kuma ta haifar da Ruwan Bagaja da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ya kamata mai karatu ya lura da cewa babu ɗaya daga cikin marubutan nan biyu da ya ɗauki rubutu sana'a. Bello Kagara malami ne a Kwalejin Katsina, daga baya ya koma aikin shari'a har ya zama Walin Katsina. Tafawa Ɓalewa kuwa malami ne a Midil ta Bauci, siyasa ta ɗauke shi, ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a Janairun 1966 bai sake ba mu wani ƙagaggen labari ba. Ashe ke nan a rarar lokacin aiki suka yi rubutu, albashinsu na hukuma ne, mai buga littafin ma hukuma ce. Wannan ya bar tabo a jikin littattafan, kamar yadda za mu gani.

Farkon Ganɗoki tarihi ne tsagwaronsa. Ga Kwantagora ta Ibrahim Nagwamatse wadda Turawa suka ci a 1901, ga hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da ta ƙare a Burmi a watan Yulin 1903. Marubucin ɗan ƙasar Kwantagora ne, kuma da wayonsa aka yi wannan tashin hankali, don haka kirarin tauraronsa da ƙurar dawakinsa suna da ƙamshin abin da aka gani ko aka ji daga bakin waɗanda suka gani. To amma da tarihi ya kai inda igwa ta rinjayi takobi, sai marubucin ya saki hanya, ya kai Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare ƙasashen gabas suna ta fama da aljannu. Nasarar da ta gagara a gaban Nasara, a can aka samo ta. Daɗa da jarumin ya komo gida, sai ga shi yana yaba zaman lafiyar sabon zamani. A ganina nan ne ƙirar ta karkace. Mutumin da ya rasa sarkinsa da ƙasarsa, yaya ya kwana washegari? Wannan ita ce tambayar da tarihi ya ajiye wa mai ƙaga labari, amma ba a amsa ta ba. Ba na ɗora masa laifin duka, domin littafi ne da Turawa za su buga su raba a makarantunsu, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tafawa Ɓalewa ya bi wata hanyar dabam. Bai ɗauko sarki ko yaƙi mai suna ba, yaro ya ɗauko da uwarsa. An yi wa Makau, mijin uwar, ƙage a fada aka kore shi. An sace Umar har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano, aka ƙetara Sahara da shi. Uwar ta fito nemansa ita ma aka sayar da ita, ba su sadu ba sai a can ƙasar Larabawa, tana gab da cikawa. Mutanen nan ƙagaggu ne, amma cinikin bayi da ayarin da ya ɗauke su gaskiya ne. Mu Kanawa ma ba ma bukatar a rantse mana, ga kasuwar Kurmi, ga unguwar Dandalin Turawa inda Larabawan fatake suka zauna. Wannan shi ne babban darasin littafin: zamani yakan fi bayyana a jikin talaka fiye da jerin sunayen sarakuna. Shi ya sa labarin ya jure sauyin kama, Mervyn Hiskett ya fassara shi da Ingilishi a 1967, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Amma shi ma yana da nasa rauni. Haƙurin Umar ya yi yawa, ubangidansa mutumin kirki ne, komai an jingina shi ga ƙaddara da sharrin ɗaiɗaikun mutane, ba a tuhumi tsarin da ya raba uwa da ɗanta ba.

Abin da ya sa na damu da wannan batu shi ne, kakata takan ba mu labarin da ta ji daga tata kakar, na ranar da Nasara suka shigo Kano a Fabrairun 1903. Ba ta ambaton Sarki Alu ko Kwatarkwashi. Abin da ya zauna mata shi ne tukunyar wuri da aka binne a tsakar gida don tsoron ganima, aka bar ta a ƙasa shekara da shekaru, ranar da aka tono ta kuwa wuri ya daina sayen ko gishiri. Irin wannan ba ya cikin kundin masana tarihi, kuma masu riƙe da shi suna ta ƙarewa.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar alƙalami. Ga Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ga shigowar jirgin ƙasa a 1911 da cinikin gyaɗar da ya biyo baya. A karanta littattafai, a zauna da tsofaffi, kada a gusar da shekara ko a ƙaga wa mamaci abin da bai aikata ba, sa'an nan a bar talakan labarin ya ji zafin zamaninsa har ƙarshe. Magabatanmu sun rubuta nasu da idon Bature a kan takardarsu. Mu ba mu da wannan uzuri.

Allah ya jiƙan malaman nan biyu, ya sa mu ɗora daga inda suka tsaya, amin.