BABI NA HUƊU: RAWAR ƊALIBI A FIM ƊIN GAYYA, TARKEN *STREET SCENES 1970*

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar fim ɗin haƙiƙa, wato fim ɗin da ake ɗauka daga abin da ya faru a zahiri ba tare da an shirya wa 'yan wasa labari ba. A wannan babi kuwa za a yi tarken wani fim na wannan rukuni mai suna *Street Scenes 1970*, wanda ɗaliban sashen koyon fim na Jami'ar New York da ke Amurka suka ɗauka ta hanyar aikin gayya. Za a dubi yanayin da ya haifar da fim ɗin, da jigonsa, da zubi da tsarinsa, sannan a auna rawar da ɗalibi ya taka a cikinsa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, a irin wannan aiki ɗalibin da ya riƙe kyamara shi ne ganau, amma wanda ya zauna ya tace fim shi ke da maganar ƙarshe.

4.1 Yanayin da ya Haifar da Fim Ɗin

A ranar 30 ga Afrilu, 1970, shugaban Amurka na wancan lokaci, Richard Nixon, ya sanar da cewa sojojin ƙasarsa da ke yaƙi a Biyetnam sun tsallaka cikin Kambodiya. Wannan sanarwa ta tayar da zanga-zanga a jami'o'in ƙasar. A ranar 4 ga Mayu, dakarun tsaron jihar Ohio suka buɗe wuta a Jami'ar Kent State, suka kashe ɗalibai 4, suka raunata 9. Daga nan sai ƙaurace wa karatu ya bazu a ɗaruruwan makarantu.

A ranar 8 ga Mayu, ɗalibai sun taru a unguwar Wall Street ta birnin New York domin nuna alhini da adawa da yaƙin. Nan ne ɗaruruwan ma'aikatan gine-gine sanye da hulunan kwano suka auka masu da duka, mutane fiye da 70 suka ji rauni. Ma'aikatan sun zarce zuwa ofishin magajin gari, inda suka matsa sai da aka ɗaga tutar da aka sassauto domin makokin waɗanda aka kashe. Washegari, 9 ga Mayu, mutane kimanin 100,000 suka yi gangami a birnin Washington.

A cikin wannan hali ne ɗaliban fim suka ɗauki kyamarori suka fita titi. Sun yi aikin da sunan ƙungiyar New York Cinetracts Collective, ƙarƙashin kulawar wani matashin malaminsu, Martin Scorsese, wanda a lokacin bai yi suna ba. Fim ɗin yana da tsawon kimanin minti 75, kuma an nuna shi a bikin fina-finai na New York a cikin shekarar ta 1970.

4.2 Jigo da Zubi da Tsari

Babban jigon fim ɗin shi ne rabuwar kan al'umma a kan yaƙi. Ƙananan jigogin da suka taimaka wajen gina shi sun haɗa da fushin matasa, da saɓani tsakanin 'yan makaranta da masu aikin ƙarfi, da kuma rashin sanin mafita.

Dangane da zubi da tsari, ana iya kasa fim ɗin gida uku. Kashi na farko ya ƙunshi titunan New York, inda masu ɗaukar hoto ke tare masu zanga-zanga da 'yan kallo suna yi masu tambayoyi, har zuwa lokacin da rikici ya ɓarke. Kashi na biyu shi ne gangamin Washington, wanda fim ɗin ya nuna ya gudana cikin lumana. Kashi na uku kuwa hira ce a cikin ɗaki, inda ake tattauna abin da ya faru da halin da duniya ke ciki. Daga cikin masu hirar akwai Scorsese kansa, da ɗan wasa Harvey Keitel, da 'yar wasa Verna Bloom, da mai sharhin fina-finai Jay Cocks.

Idan aka lura da kyau, za a ga cewa wannan tsari yana gangarowa ne daga zafi zuwa sanyi: daga duka zuwa taro, daga taro zuwa zance. Tarihi ne ya jera ranakun 8 da 9 ga wata, amma ba tarihi ne ya ce a rufe fim da mutanen da suka gaji suna hira a ɗaki ba. Wannan zaɓin mai tacewa ne. Da an rufe shi da cincirindon mutanen Washington, da mai kallo ya tashi da jin cewa matasa na da ƙarfi. Da aka rufe shi da hira, sai ya tashi da jin cewa an yi ta ihu, yaƙi kuma yana nan daram.

4.3 Rawar Ɗalibi Mai Ɗaukar Hoto

Domin a gane nauyin da ɗalibi ya ɗauka, wajibi ne a tuna da irin kayan aikin wancan zamani. An ɗauki fim ɗin ne a kan zaren fim mai faɗin milimita 16. Naɗin da ke da tsawon ƙafa 100 ba ya cika minti 3, mai ƙafa 400 kuwa kimanin minti 11 yake yi. Ba a goge shi a sake ɗauka, kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke. Saboda haka duk lokacin da ɗalibi ya danna kyamara, ya yanke hukunci ke nan cewa abin da ke gabansa ya cancanci a kashe masa zare. A tsakiyar tarzoma babu malamin da zai tsaya a bayansa ya ce ya juya dama ko hagu. Shi zai zaɓi inda zai tsaya, da wanda zai tambaya, da lokacin da zai gudu. Ke nan a matakin ɗauka, kowane ɗalibi daraktan kansa ne.

A nan ne ƙarfin fim ɗin yake. Kyamara ɗaya ba za ta iya kasancewa a wurare da yawa a lokaci ɗaya ba, kamar yadda Hausawa ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawan idanun ne ya sa aka ji ta bakin masu adawa da yaƙi da masu goyon bayansa da 'yan ba-ruwanmu. Haka kuma rashin ƙwarewar da kan zama aibi a fim ɗin da aka shirya, a nan ya zama shaida cewa mai ɗaukar hoton yana cikin turmutsitsin, ba daga nesa yake leƙe ba.

Alal misali, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka riƙe kyamara shi ne Oliver Stone. Kafin ya shiga jami'ar, ya yi aikin soja a Biyetnam daga 1967 zuwa 1968, inda aka raunata shi sau biyu. Ma'aikatan gine-ginen sun ce suna dukan ɗalibai ne domin kare mutuncin sojojin da ke bakin daga, alhali ga wanda ya dawo daga bakin dagar a cikin ɗaliban da ke ɗaukar fim. Babu shakka idon irin wannan ɗalibi ya bambanta da na wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba. To amma mai kallon fim ɗin ba zai iya nuna wani hoto ya ce wannan na Stone ne ba. An zuba abin da ya ɗauko cikin na sauran, kamar yadda ake zuba hatsi a rumbu ɗaya. Sai a fina-finan da ya ba da umarni da kansa, wato *Last Year in Viet Nam* na 1971, da *Platoon* na 1986, da *Born on the Fourth of July* na 1989, aka ji ainihin abin da ke ransa. Fina-finai biyun ƙarshe kowannensu ya samo masa kyautar Oscar ta gwarzon darakta.

4.4 Matsayin Mai Tacewa

John Grierson, wanda ya yayata sunan wannan rukuni na fim tun daga 1926, ya ɗauke shi a matsayin sarrafa abin da ya faru ta hanyar fasaha. Tambayar da ta dace da fim ɗin gayya ita ce: a hannun wa sarrafawar take? A *Street Scenes 1970* amsar a fili take, domin an ambaci Scorsese a matsayin mai kula da aikin kuma jagoran duk abin da ya biyo bayan ɗauka. Ba baƙo ba ne a wannan fage, don kuwa yana cikin waɗanda suka tace fim ɗin *Woodstock* da ya fito a shekarar.

Shi kansa Scorsese ya bayyana daga baya cewa da ya nuna fim ɗin ga waɗanda aka yi aikin da su, ba su ji daɗinsa ba. Suna ganin bai yi zafi yadda suke so ba, kuma bai yi kama da abin da suka gani da idonsu ba. Shi kuwa yana ganin ya faɗi gaskiya ne game da fushi da rashin ƙarfin da suka mamaye kowa. Idan aka auna, kowane ɓangare yana da hujja. Ɗalibai sun fita ne domin su yi fim ɗin da zai zama makami. Malamin kuma ya kalli tarin hotunan da idon wanda ke neman labari mai farko da ƙarshe. Ta fuskar fasaha, zaɓinsa ya ba fim ɗin ƙashin baya, domin in ba haka ba da ya zama tarkacen hotuna marasa alƙibla. Ta fuskar amana kuwa, an yi amfani da shaidar ɗalibai wajen yanke hukuncin da ba nasu ba.

Wani abin lura shi ne sunan ƙungiyar. An samo shi ne daga gajerun fina-finan gwagwarmaya da aka yi a Faransa lokacin boren Mayu na 1968, waɗanda su Chris Marker da Jean-Luc Godard suka sa hannu a ciki, kuma da gangan ba a rubuta sunan kowa a kansu ba. Manufar ita ce a nuna aikin na kowa ne. Amma a yau, fim ɗin da ba kasafai ake samun ganinsa ba, ana ambatonsa ne galibi a jerin ayyukan Scorsese. Ɗalibin da ake yawan tunawa da shi kuma shi ne wanda ya yi suna daga baya. Wannan ya yi daidai da karin maganar nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana iya kwatanta lamarin da gayyar noma. A gayya kowa yana kama kunyarsa, amfanin kuma yana tafiya rumbun mai gona, babu mai ƙorafi domin tun farko an san gonar ta wane ce. Matsalar wannan fim ita ce an fita da sunan gonar ta kowa ce, sai a lokacin girbi aka tarar tana da mai ita. Bai kamata a ɗora laifin duka a kan malamin ba. Zaren fim ba ya tacuwa da hannaye ashirin a lokaci ɗaya, dole wani ya riƙe almakashi. Kuskuren shi ne barin wannan magana har sai bayan an gama ɗauka.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa rawar ɗalibi a *Street Scenes 1970* babba ce a titi, ƙarama ce a ɗakin tacewa. Ɗalibai ne suka kai kansu inda ake duka, su ne suka zaɓi abin da za a ɗauka, kuma duk abin da ya rage na darajar fim ɗin a matsayin kundin tarihi daga hannunsu ya fito. Ma'anar da mai kallo ke tashi da ita kuwa, an gina ta ne bayan sun ajiye kyamara. Don haka duk rukunin ɗaliban da za su yi irin wannan aiki, ya kamata tun kafin su fita su daidaita a kan abubuwa uku: wanda zai tace, da 'yancin da sauran ke da shi na ganin aikin kafin a rufe shi, da kuma yadda za a rubuta abin da kowa ya ɗauka. Malamin da zai ba da maki shi ma yana bukatar wannan rubutu, domin fim ɗin da aka gama ba ya nuna wanda ya tsaya a gaban masu hulunan kwano. A babi na gaba za a dubi salon hira da yadda ake sarrafa muryar mai ba da labari.