Gyaran Tsohon Gini Ba Lulluɓe Shi da Siminti Ba Ne

Mai karatu, in ka bi hanyar Daura zuwa Kongolam, ka tsallaka Ɗan Barto ka nufi Damagaram, ka lura da gidajen gefen titi. Zaure mai zanko da daɓe sai raguwa yake, bulo da kwano suna cinye wurinsa. Mu dai in an ce gyara, to rushewa ake nufi, ko a yaɓe da siminti a manna tayil. Wannan ya shafe mu ’yan kallo kai tsaye. Wa zai shirya fim a kan Bayajidda da Daurama a falon da ke cike da kujerun ƙasar waje?

Akwai misali biyu da ya kamata mu auna. Na farko masallacin Juma’a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a ƙarni na 19. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da ginin kankare. Bakan gizon ciki ya tsira, amma fuskar waje ta tafi. Mai son ganin siffarsa ta asali sai ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwaye shi. Kwaikwayo kuwa ba ya zama asali.

Na biyu a Dandaji yake, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar. Tsohon masallacin garin, aikin Alhaji Falke Barmu ne, magini da ya samu kyautar Aga Khan a 1986 saboda masallacin Yama. Da ginin ya tsufa, masu zanen gini biyu, Mariam Kamara ’yar Nijar da Yasaman Esmaili ’yar Iran, suka mayar da shi ɗakin karatu mai suna Hikma, aka kammala a 2018. An bar ginshiƙai da rufin yadda suke, aka shigo da kantocin littattafai da wuraren zama na zamani. Sabon masallaci kuma aka gina shi kusa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka sa maginan gargajiya cikin aikin.

To ka ga bambancin? A Zariya an ɓoye tsohon gini. A Dandaji an ba shi sabon aiki, shi ya sa za a ci gaba da kula da shi. Ginin ƙasa yana son yaɓe bayan damina, kuma ba mai yaɓe ɗakin da ba ya shiga. Siminti kuwa yana riƙe danshi a jikin bangon ƙasa har ya ruɓe daga ciki.

Daura na da rijiyar Kusugu da fadar sarki da tsofaffin zaurukan masu sarauta. Me zai hana wani zauren ya zama ɗakin karatun littattafan Hausa, wani kuma wurin ɗaukar fim da furodusa zai biya haya, kuɗin su tafi wajen yaɓe? Sai dai a nemi tsofaffin magina tun suna raye, don in suka tafi da sanin daurin guga, kuɗi ba zai dawo da shi ba.